Haɗa takin gida da na zamani a gonar tamba: nawa za a zuba, yaushe, kuma a ina

Tambaya: Wani manomi yana noman tamba a hekta ɗaya, ƙasar mai yashi-yashi ce. Ya daɗe yana zuba mata kamfa da yuriya kawai, amma amfanin sai raguwa yake yi duk shekara. Yanzu ya sami kashin shanu da na kaji. Yana son ya san ko zai iya haɗa su da takin zamani, nawa zai zuba, yaushe, kuma ko takin gidan zai ishe shi har ya daina sayen na buhu.

Amsa: Malam, haɗawar ita ce daidai. Amma batun daina sayen na buhu gaba ɗaya, ban ba ka wannan shawara ba, musamman a shekarun farko, kuma lissafi ne zai nuna maka dalili.

Takin shanu da ya ruɓe sosai, tan ɗaya daga cikinsa yana ɗauke da kimanin kilo 5 na naitirojin, kilo 2 na fosfaros, da kilo 5 na fotash, idan aka auna da irin ma'aunin da ake rubutawa a jikin buhu. Buhun yuriya ɗaya mai kilo 50 kuwa kilo 23 na naitirojin ke cikinsa, wato ya kusa kai abin da ke cikin tan 5 na takin shanu. Sannan naitirojin ɗin takin gida ba ya sakuwa duka a damina ɗaya. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne shuka ke samu a shekarar farko, saura sai a hankali. Tamba ta damina tana son kilo 40 zuwa 50 na naitirojin a hekta. Wanda ya ce da takin shanu kaɗai zai cike wannan a shekarar farko, sai ya nemi abin da ya kai tan 30, kuma manoma kaɗan ne ke da wannan.

To me ya sa ake damuwa da takin gida, tunda abincin da ke cikinsa kaɗan ne? Domin aikinsa babba ba ciyar da shuka ba ne, gyaran ƙasa ne. Ƙasa mai yashi kamar rariya take: ka zuba yuriya yau, a yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, wani kaso mai yawa ya gangara ƙasa inda saiwar tamba ba ta kai. Ruɓaɓɓen taki shi ke riƙe laima, ya riƙe sinadaran a inda saiwa take. Yana kuma rage tsamin ƙasa, wanda yuriya ke ƙarawa kaɗan-kaɗan duk shekara. Idan tsamin ya yi yawa har ma'auninsa da ake kira pH ya sauka ƙasa da 5.5, ƙasa takan ɗaure fosfaros ta hana shuka, saiwa kuma ta gajarce. Ga ƙananan sinadarai irin su salfa, zink da maganiziyam, waɗanda kamfa 15-15-15 (wato mai kashi 15 cikin ɗari na kowane cikin naitirojin, fosfaros da fotash) da yuriya ba su cika kawowa ba, alhali kowace kaka ana kwashe su daga gona cikin tsaba da kara. Raguwar amfanin da kake gani, yawanci daga nan take: tsami ya ƙaru, ƙananan sinadarai sun yi ƙasa, ƙasar ta rasa abin riƙe ruwa. A kudancin Indiya, inda tamba ke cikin manyan amfanin gona, an yi shekaru masu yawa ana gwada wannan a jar ƙasa ta yankin Bangalor, fili ɗaya taki iri ɗaya duk shekara. Filayen da aka haɗa musu takin gida da na zamani su suka fi bayar da amfani, kuma amfaninsu ya fi ɗorewa. Waɗanda aka bar su da na zamani kaɗai suka riƙa ja da baya, ƙasarsu tana ƙara tsami.

Akwai wani amfani da ya shafi tamba musamman. Ƙwayarta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, dubu ɗaya kimanin giram 3 ce kawai. Idan aka yi ruwa bayan shuka, rana ta buɗe, saman ƙasar da ba ta da taki yakan yi ɓawo mai tauri, tsiron ya kasa huda shi. Sai ka ga gona ta fito da giɓi-giɓi a ce iri ne ba shi da kyau, alhali ƙasa ce ta danne shi. Ƙasar da ta sha takin gida ba ta yin wannan ɓawo sosai.

Kafin a zo kan awo, a fara duba takin kansa, domin a nan aka fi yin ɓarna. Ɗanyen kashi ba taki ba ne tukuna. Idan ka zuba shi kusa da shuka, zai ci gaba da ruɓewa a cikin ƙasa, ya yi zafi, ya fitar da iskar amoniya da ke ƙona tsiro, ya jawo gara da gwazarma. Idan kuma cike yake da tattaka, ƙaiƙayi, buntun shinkafa ko garin katako, kamar yadda ake samu a kashin kajin gidan gona, to ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da waɗannan abubuwa za su kwashe naitirojin ɗin ƙasa su yi aikinsu da shi. Shi ya sa wani zai zuba taki cike da gona, ya ga tamba ta yi rawaya har ta fi ta maƙwabcinsa da bai zuba komai ba. Naitirojin ɗin bai ɓace ba, zai dawo bayan makonni, amma lokacin da shuka ke neman sa ya wuce.

Matsala ta uku ita ce ciyawa. Ɗanyen kashin dabba yana ɗauke da 'ya'yan ciyawa da ransu, har da na tuji. Tuji ɗan'uwan tamba ne na jini, kuma suna ƙanana ko gwani sai ya duba da kyau kafin ya bambance su. Ka shigo da tuji gonar tamba da hannunka, ka ba shi yuriya, ka yi noma ka bar shi kana zaton amfani ne. Haka ma wuta-wuta, idan dabbobin sun yi kiwo a gonar da take. Maganin duka shi ne a tara kashin tsibi guda, tsayinsa ya kai mita ɗaya ko ya ɗan fi, a jiƙa shi daidai yadda idan ka damƙa zai dunƙule amma ruwa ba zai ɗiga ba, a rufe da ciyawa ko tsofaffin buhuna a inuwa. A cikin kwanaki kaɗan cikinsa zai yi zafin da hannu ba ya jurewa, digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafi shi ke kashe yawancin 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cuta. A juya shi duk bayan mako biyu ko uku, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai huce, ya yi baƙi-baƙi, ya riƙa marmashewa a hannu, warin kashi ya tafi ya koma ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan ne takin da lissafin sama ke magana a kai. Wanda aka bari a fili rana ta dake shi, ruwa ya wanke shi, ya yi fari-fari kamar toka, ya riga ya zubar da yawancin naitirojin da fotash ɗinsa, sai dai a zuba shi don gyaran jikin ƙasa.

Yanzu awo. Abin da ya fi shi ne a gwada ƙasar a ɗakin bincike, amma idan babu hali, a hekta ɗaya ta damina a nufi kusan kilo 50 na naitirojin, 30 na fosfaros, 25 zuwa 30 na fotash. Da takin zamani zalla, buhu 4 na kamfa 15-15-15 da buhu 1 na yuriya sun ba ka 53, 30, 30. Idan ka zuba tan 5 na ruɓaɓɓen takin shanu, ka sauke kamfa zuwa buhu 3, ka bar yuriya yadda take. Buhunan za su ba ka kimanin kilo 45 na naitirojin da 22 na kowane cikin sauran biyun, takin gida ya cike giɓin, ya ma yi rara a ɓangaren fotash, domin fotash ɗin kashi yana sakuwa da wuri. Tan 5 a hekta yana nufin rabin kilo a kowace murabba'in mita. A fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, kilo 50 ke nan na takin gida, kilo ɗaya da rabi na kamfa, rabin kilo na yuriya. Ka auna kwando ko baron da kake aiki da shi sau ɗaya a kan sikeli, daga nan ka riƙa ƙidaya da shi.

Kashin kaji lissafinsa daban. Busasshensa yakan kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na naitirojin, yana da fosfaros mai yawa, kuma yana saki da sauri. Tan ɗaya da rabi zuwa 2 a hekta ya wadatar. Tunda kana da duka biyun, ka haɗa su a tsibi ɗaya su ruɓe tare, misali tan 3 na shanu da tan 1 na kaji. Na kaji zai hanzarta ruɓewar, na shanu ya rage masa kaifi. Kashin awaki da tumaki yana tsakanin su biyun wajen ƙarfi, sai dai a dandaƙa shi ko a jiƙa, don ƙwayoyinsa kan daɗe ba su narke ba.

A ganina, mai takin gida isasshe ba lallai ne ya riƙa sayen kamfa ba, domin kashi ɗaya cikin uku na abin da yake saye fotash ne, wanda kashin ya riga ya kawo. Buhu 1 na takin DAP, mai lamba 18-46-0, wato naitirojin da fosfaros ba fotash, da buhu ɗaya da rabi na yuriya za su ba da kilo 43 na naitirojin da 23 na fosfaros. Ko kuma buhu 3 na sufa da buhu 2 na yuriya. Wannan na biyun ya fi dacewa da tsohuwar gona irin taka, saboda sufa tana ɗauke da salfa da kalsiyam bayan fosfaros, kuma tamba tana cikin hatsin da suka fi tara kalsiyam a tsabarsu. Amma wannan hanya ta mai zuba tan 5 ko fiye ce. Wanda takinsa kaɗan ne, kuma yake kwashe kara daga gona duk kaka, ya tsaya a kan kamfa, domin yawancin fotash ɗin da tamba ta sha a cikin kara yake zama. Abin da ba a taɓawa a kowane hali shi ne fosfaros. Kashin shanu ba shi da shi da yawa, kuma idan tamba ta rasa shi a makonnin farko ba ta yin saiwa, ba ta yin 'ya'ya daga gindi, ko nawa aka zuba mata na yuriya daga baya.

Takin gida shi ke fara shiga gona, mako biyu zuwa uku kafin shuka. A baza shi a juya shi cikin ƙasa a ranar ko washegari, zurfin santimita 10 zuwa 15. Al'adar jibge shi tsibi-tsibi a gona tun bazara a bar shi wata biyu yana shan rana asara ce, kuma daga baya inda tsibin ya zauna tamba za ta yi duhu ta kwanta, sauran gona ta zauna da yunwa.

Kamfa, DAP ko sufa, duk a zuba su ranar shuka, gaba ɗaya, domin fosfaros ba ya tafiya a cikin ƙasa. Inda ka ajiye shi nan yake, saiwa ce ke zuwa ta same shi. Saboda haka watsa shi a saman ƙasa bayan tsiro ba ya amfanar komai sosai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa shukar layi ta fi ta watsi: tsakanin layi da layi santimita 25 zuwa 30, iri kilo 8 zuwa 10 a hekta, zurfi kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. A ja wani ɗan layi a gefe, nisan yatsu uku daga inda iri zai kwanta, ya kuma ɗan fi shi zurfi, a zuba takin a ciki a rufe. A layuka masu tazarar santimita 30, buhu 3 a hekta ya kama giram huɗu da rabi a kowace mita, wato kusan cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, a barbaɗa shi a tsawon babban taku guda. Kada iri ya haɗu da taki a rami ɗaya. Gishirin taki yana janye ruwa daga ƙwayar da ke shirin tsirowa, kuma DAP da yuriya sun fi kowane ƙona tsiro. Mai dashe kuwa ya zuba wannan taki a gona lokacin gyaran ƙarshe, ya dasa irin da ya yi kwana 21 zuwa 25 a gadon reno, biyu-biyu, tazarar santimita 10 a cikin layi.

Yuriya ita ce ke son lura da lokaci. Tamba tana neman naitirojin sosai sau biyu: lokacin da take yin 'ya'ya daga gindi, da lokacin da take shirin ɗaukar ciki. Na farko shi ke ƙayyade yawan kawuna, na biyu yawan yatsu da tsabar da ke kansu. A ƙasa mai laka za a iya zuba buhun duka a kwana 25 zuwa 30 bayan shuka, ko mako uku bayan dashe. A ƙasa mai yashi irin taka a raba shi biyu, rabi a wannan lokaci, rabi a kwana 40 zuwa 45. Irin da ke daɗewa kafin ya nuna za a ɗan jinkirta masa zubi na biyu. Kafin zubin farko a gama cira, a bar tazarar santimita 10, a kuma yi noma, in ba haka ba ciyawa ka ciyar. Ƙasa ta kasance da laima amma ba ruwa kwance, ganye kuma ya bushe daga raɓa don kada ƙwayoyin su maƙale a kansa su ƙona shi. A zuba a gefen layi a rufe da ƙasa nan take. Yuriyar da aka bari a sama, musamman a gonar da ke da takin gida, tana rikiɗewa ta zama amoniya ta bi iska cikin kwanaki kaɗan, domin taki yana cike da ƙwayoyin halittar da ke saurin farfasa ta. Idan aka shiga fari, a jira ruwa. Da kai ya fito, lokacin yuriya ya wuce.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Haɗa taki biyu a gona ba ya nufin a gauraya su a buhu ɗaya. Kada a cuɗa yuriya cikin tsibin kashi a ajiye, kada a haɗa ta da toka ko farar ƙasa, warin da za ka ji yana tashi naitirojin ɗinka ne. Kada kuma a gauraya yuriya da sufa a bar su su kwana, za su jiƙe su zama taɓo. Haɗin da ke da amfani shi ne sufa da takin gida. A ɗebi kamar kilo 750 na ruɓaɓɓen taki mai laushi, a cuɗa shi da duk sufar hekta ɗaya, a yayyafa ruwa, a rufe a inuwa wata guda, sannan a zuba a layi ranar shuka. Takin yana lulluɓe fosfaros ɗin ya rage yadda ƙasa ke ɗaure shi, sufar kuma ta kama wani ɓangare na amoniyar da da ta tashi.

Dabarar zubawa a layi ita ce kuma mafita ga wanda takin gidansa bai kai tan 5 ba. Tan 1 ko 2 na takin shanu da aka baza a hekta guda ba a ganin tasirinsa. A zuba shi cikin layin shuka kaɗai, ko a raba gonar uku, kowace shekara kashi ɗaya ya sami cikakken awo, tunda amfanin takin gida yana kaiwa shekara biyu zuwa uku.

Yawan taki ma yana da nasa sharrin, kuma a tamba ya fi muni fiye da a masara. Naitirojin da ya wuce kima yana sa ganye ya yi taushi, kara ya yi tsawo ba ƙwari, iska da ruwa su kwantar da gona dab da girbi. Ya kuma buɗe ƙofa ga cutar bilas, wadda ita ce babbar cutar tamba a duk inda ake noma ta. Tana farawa da tabo mai siffar ido a ganye, tsakiyarsa toka-toka, gefensa ruwan ƙasa. Idan ta kama wuyan kai sai ya yi baƙi, yatsun su bushe babu tsaba. Wanda ya zuba kashin kaji da yawa, ya ga tamba ta yi kore shar har tana duhu a kwana 40, ya fasa zubin yuriya na biyu. Ganyen ne zai gaya maka. Idan tsofaffin ganye na ƙasa ke yin rawaya daga baki zuwa ciki, naitirojin ne ya gaza. Idan shuka ta tsumbure, ganye ya yi ja-ja mai shuɗi, 'ya'ya kaɗan, fosfaros ne. Gefen ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, fotash. Sabon ganye ya fito fari-fari ko da ratsi, a zargi salfa ko zink. Idan gwaji ya tabbatar da zink ne, kilo 12 zuwa 25 na zink salfet a hekta yana isar shekara biyu zuwa uku, a zuba shi daban, ba tare da DAP ko sufa ba. Amma kafin a ɗora laifi a kan taki a duba ko ruwa na kwanciya a wurin, domin tambar da saiwarta ke cikin ruwa rawaya take yi ko da abinci ya ishe ta.

Rage takin zamani kuwa a hankali ake yinsa. Shekarar farko buhu ɗaya na kamfa kawai ka rage, kamar yadda aka lissafa. Idan ka ci gaba da zuba tan 5 duk shekara, daga shekara ta uku ragowar naitirojin ɗin shekarun baya zai fara taruwa, sai ka gwada rage rubu'in yuriya. Shekarar da tamba ta biyo bayan gyaɗa, wake ko waken suya ma za a iya ragewa kamar haka. Kuma kada ka yanke hukunci da ido. Ka ware ƙananan filaye huɗu masu mita 10 da 10 a wuri mai ƙasa iri ɗaya: ɗaya takin gida kaɗai, ɗaya na zamani kaɗai, ɗaya haɗin da aka bayyana, ɗaya haɗin amma da rabin yuriya. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. A girbe kowane daban, a busar, a sussuke, a auna tsabar a sikeli. Abin da fili ɗaya ya bayar a ninka shi sau 100, shi ne na hekta. A maimaita a filayen nan dai har shekara uku ba tare da sauya musu wuri ba, domin a shekarar farko filin takin zamani zalla zai iya yin kunnen doki da na haɗin, bambancin sai daga ta biyu yake fara fitowa.